Ranar da Muka Auna Zafin Barkonon Baba

Ɗakin gwaji na lise ɗinmu, wato sakandarenmu, a Diffa ya fi kowane ɗaki kyau a makarantar, shi ya sa ba a barinmu mu shiga. Wani furoje ne, irin shirin tallafin nan, ya gina shi. Kowane teburi da famfonsa, ruwa ne dai bai taɓa bi ta ciki ba. Akwai bututun gas har da makunni mai jan fenti, gas ɗin kawai aka manta. In baƙi sun zo daga Yamai a buɗe, a share, su jinjina kai, a mayar da kwaɗo.

Muna ajin kusa da na ƙarshe aka turo mana sabon malamin kimiyya, siriri mai tabarau, bawan Allah da ya ɗauka ɗakin gwaji don gwaji aka gina shi. Ya yi ta sintiri a ofishin shugaban makaranta har aka ba shi makulli don a huta. Mushe muke ce masa, wato Malam da Faransanci, kamar sauran malamai.

Darasin da ya fara kai mu ciki a kansa shi ne antalpi. Ya ce duk abin da ya ƙone, ko ya haɗu da wani ya sauya, to ko ya saki zafi ko ya sha zafi, kuma ana iya auna yawan zafin. Ya zuba asid da ruwan soda a kofin roba, ya naɗe da auduga, ya tsoma ma'aunin zafi. Ma'aunin ɗaya ne tak ya rage da rai a cikin kabad, don haka muka yi layi, kowa ya leƙa jan zaren nan ya wuce. Kafin layi ya iso kaina kofin ya huce. Na ce, "Mushe, ban ga komai ba." Ya ce, "Madalla, kin ga ɓacewar zafi ke nan. Rubuta."

A garin ina zaune ne wurin gwaggona, sai ƙarshen mako nake komawa ƙauyenmu, kusa da Gagamari. Babana yana noman tattasai a bakin Komadugu, shi ne abincinmu da suturarmu. A gefe kuma yana da ƴan kunyoyin ƙaramin barkono, wannan na alfahari ne. Kawuna, yayan mahaifiyata, gonarsa na jikin tamu, kuma tun da ya dawo daga ƙetaren kogi da wani iri da ya samo a can, su biyun ba su da wata hira sai wadda ta shafi barkonon wa ya fi zafi. An sa mutane sun ɗanɗana, an yi kuka, an sha ruwa, ba a raba gardama ba.

Da yammacin wata Asabar suna zaune a tabarma kusa da shanyar tattasai, na kawo musu shayi. Baba, da yake sunan mahaifiyarsa aka sa mini, ya ce, "Uwata, me ake koya muku yanzu?"

Na ce, "Auna zafi, Baba."

Ya ajiye kofi. Kawu ma ya gyara zama.

"Akwai abin awon?"

"Akwai, amma ba irin wannan zafin ba ne. Na wuta ne, ba na harshe ba."

"Zafi dai zafi ne," in ji Baba. "Ke kai musu kawai."

Ranar Litinin na shiga makaranta da ƙulli biyu a jaka, barkonon Baba da na Kawu. Na kai wa Mushe ne don ya yi dariya, in samu abin da zan faɗa a gida. Mutumin nan sai idonsa ya yi haske. Ya ce abin da yake nema ke nan, kimiyya daga gonar iyayenmu. Za mu ƙona kowanne a ƙarƙashin gwangwanin ruwa, mu ga nawa ruwan zai ɗumama, mu nuna wa duniya cewa yaji daban, zafin ƙuna daban. Har ya sa aka ƙaro busasshen tattasai ya zama na uku.

Babu wanda ya girma a kwarin nan bai san abin da barkono ke yi a wuta ba. Amma mutum ne sanye da farar riga har gwiwa, yana magana da Faransanci, a ɗaki mai famfo a kan teburi. Mun ɗauka a irin wannan wuri barkono ma yana da ladabi.

Aka kawo ruwa a bido, wato jarka, aka auna a gwangwanin madara, aka soke tattasai a waya, aka kunna. Iska ta kaɗa harshen wutar gefe. Mushe ya ce zafi na gudu, a rufe tagogi. Aka rufe. Ya ce da ƙofa. Aka rufe ta ita ma.

Tattasai ya ƙone lafiya, sai ɗan tari nan da can. Mushe ya karanta lamba, muka rubuta. Aka sauya ruwa, aka kunna na Kawu. Layin gaba ya fara atishawa, abin ya bi aji kamar ana miƙa shi hannu da hannu. Mushe ya cire tabarau ya goge, ya ce mu daure, kimiyya na son haƙuri. Ya karanta lamba ta biyu da murya kamar ta mai shaƙewa. Sannan, maimakon ya tsaya, ya kunna na Baba, wai kada a yi rashin adalci.

Ban san wanda ya fara isa ƙofa ba. Na dai tsinci kaina a tsakar makaranta ba takalmi ɗaya, hijabina a baki, ga ƴan ajinmu suna gudu suna hawaye. A Diffa kuwa, in ka ga ɗalibai na gudu suna kuka, ba ka tsayawa tambaya. Sauran azuzuwa suka fashe. Masu sayar da ƙosai a bakin ƙofa suka bar kaskonsu a wuta. Shugaban makaranta, wanda ke yawan yi mana huɗuba a kan natsuwa, an gan shi ya haye katangar baya da ƙwarewar da ba mu san yana da ita ba.

Sojojin da ke tsaye a mahaɗar hanya suka iso da mota. Babbansu ya ja rawani ya rufe hanci, ya shiga ɗakin a hankali. Can sai ga shi ya fito riƙe da hannun Mushe. Fuskar Mushe jage-jage da hawaye da majina, ɗaya hannun kuma ya ɗaga ma'aunin zafi sama yana kiran lamba, yana roƙon wani ya rubuta kafin ya manta.

Sojan ya ce, "Wane sinadari ne ya fashe?"

Mushe ya ce, "Barkono ne, ranka ya daɗe."

Sojan ya buɗe baki zai yi magana, atishawa ta riga shi.

Washegari aka karɓe makulli. A gindin bedi Mushe ya jingina allo ya yi mana lissafin, idonsa ja har lokacin. Duka ukun kusan ɗaya suka fito, tattasai ma ya ɗan ɗara. Ya ce abin da ke cizon harshe ba shi ne ke dafa ruwa ba, kuma gwajin ya yi nasara. Ya maimaita kalmar nasara yana kallon ofishin shugaban.

Kafin in je gida labari ya riga ni. Na tarar Baba a tsakiyar mutane yana ba da shi kamar yana wurin: barkononsa ya tashi makaranta guda, sai da aka kira soja. Kawu na gefe yana cewa nasa ne ya cika ɗakin da hayaƙi, na Baba ya zo ne ya tarar an gama aiki. Da suka juyo kaina in faɗi abin da ma'auni ya nuna, na ce tattasai ne ya zo na ɗaya. Kawu ya ce wa Baba, "Wannan karatun nata, ka tabbata ba asara ake ba?" Baba ya ce shi ma tunanin da yake ke nan. Ban taɓa jin bakinsu ya zo ɗaya ba sai ranar.

Duk da haka mutane suka riƙa zuwa neman irin da ya kori sojoji, don a bakin kasuwa haka labarin ya koma. Bayan an gama tsinka, Baba ya sa babbar riga, ya ɗora ƙaramin buhun barkono a keke, ya ce in raka shi gidan malamina. Suka gaisa, Mushe ya karɓi buhun da hannu biyu yana riƙe numfashi, ya ajiye shi can nesa da ƙofar ɗakinsa.

Baba ya ce, "Malam, in za a sake awon, ka aiko mini in zo in gani da idona."

Mushe ya ce, "Baba, ko ashana yanzu ba a yarda in shiga da ita makaranta ba."

Baba ya girgiza kai, ya ce haka ake yi wa masu ilimi a ƙasar nan. Ya ce gonarsa a buɗe take, duk ranar da ya shirya ya zo da kayan aikinsa, Kawu ma zai so ya zauna kusa.