Mumuni Sama Ba Ya Shiri da Ƙasa

Duk wanda ya ce ya shiga gidan Mumuni Sama ya fito wuyansa lafiya, ƙarya yake yi, a bakin ƙofa ya tsaya. Ni Fuseini, da muka tashi tsakar gida ɗaya da shi a unguwar Nima ta birnin Ankara, har yau in na juya kaina dama sai na ji "ƙas", kuma talabijin ɗinsa ne ya yi mini wannan aika-aika. Mutum ya sayi talabijin mai faɗin ƙofar masallacin Juma'a, ya je ya maƙala shi can jikin silin! Mu zo kallon ƙwallo, mu ɗaga kai kamar masu neman jinjirin watan Sallah.

Kun dai san shi, Allah ya jiƙansa. Mumuni ba ya ajiye komai a ƙasa. Firij a kan tebur, buhun shinkafa a kan firij, takalma a jikin ƙusa layi-layi kamar shago a kasuwar Tudu. Kyanwar gidan ma sai da ta haƙura ta koma zaman bisa, don in ya ganta a ƙasa sai ya ɗauke ta ya ɗora a kan kabad, ya ce, "Zauna nan, ba ki san duniya ba."

In ka ce, "Cale," wato aboki, "wai mene ne haka?" amsa ɗaya gare shi: "Ni da ƙasa ba ma shiri."

Yaran yanzu sun san shi ne a matsayin sarkin gambarar zamani, wadda suke ce wa raf, mai mota baƙa da masu tsaron lafiya. Mu kuwa mun san shi tun yana Mumuni mai yagaggen wando. Ɗakinsu ne na ƙarshe a gidanmu, wanda ya jingina da babban gota, kwatar nan da ta raba mu da unguwar Mamobi. In damina ta zo gota ya cika, ɗakinsu yake fara kai wa gaisuwa. Mahaifiyarsa, Mma Ramatu mai koko, ruwa ne ya tafi da ita yana ƙarami, wannan kowa ya sani. Babansa direban babbar mota ne, yau Kumasi, gobe Tamale, jibi Allah kaɗai ya sani. Sai tsakar gida ta raine shi: wannan ta ba shi tuwo, waccan ta ba shi mari, wata ta haɗa masa duka biyun. Da baki yake kare kwanonsa. In babban yaro ya kai hannu, Mumuni ya fara masa da Hausa, ya juya yaren Tuwi, ya yayyafa yaren Ga, ya rufe da Turanci, kafin yaron ya gane zagin farko an kai na goma, tuwon kuma ya ƙare. Daga nan waƙar ta samo asali, duk wanda ya gaya muku wani abu daban ɗan jarida ne.

Tun muna makaranta, da ya hango hadari sai ya cire takalmansa, ya ɗaure igiyoyin, ya rataya a wuya. Da ya girma sai ya daina jiran hadarin ma.

To, ranar da za a ɗauki hoton bidiyonsa na farko, wani Alhaji mai sayar da takalma a Zongo Len ya ba shi wasu farare ƙal, don a gani a ƙafarsa kasuwa ta buɗe. Mumuni ya fito gaban kyamara ƙafa tsirara, takalma na lilo a ƙirji.

Alhaji ya dafe kai. "Haba maigida! Takalmi na ba ka, ba sarƙa ba!"

"Alhaji, a ƙafa wa zai gani? Kyamara fuskata take nema. Ga su nan kusa da fuska, ka gode mini."

Bidiyo ya fita. Wallahi kafin sati ya zagayo, duk saurayin da ke Nima da Mamobi takalminsa na wuya! Sun ɗauka sabon salo ne daga Amurka. Iyaye mata suna zagi, mai kemis ɗin bakin titi ya sayar da filastar da ya ajiye tun zamanin kakansa, saboda kowa ƙusa ta soke shi. Ranar Juma'a ƙofar masallaci fayau, ko silifa ɗaya babu. Har wani da duk unguwa ta san sana'arsa ya tare ni a wurin mai shayi, fuskarsa abin tausayi, ya ce, "Fuseini, ka gaya wa abokinka ya ji tsoron Allah. Mu ma muna da iyali."

Da kuɗi suka zo, ya tafi can kan dutsen hanyar Aburi ya gina bene hawa uku, ya tare a na ƙarshe. Na ƙasa kuwa ba kowa sai gizo-gizo. Ya auri Ayishetu, 'yar mahautan Sabon Zongo, mace wadda in ta yi maka kallo ɗaya sai ka tuna laifin da ka yi bara. Ranar da ta tare, ta tarar ya sa kafinta ya ƙara wa gadon amarya ƙafafu, har da ɗan tsani a gefe.

Ta ce, "Wannan gado ne ko hasumiya?"

Ya ce, "Za ki saba."

Ta ce, "In na faɗo, babana yana da wuƙaƙe."

Washegari aka kira kafinta ya rage. Tsawon ɗan yatsa ya yarda aka rage, kuma yana tsaye a kan mutumin kamar ana yanke masa ƙafa.

Allah ya ba su 'ya mace, ya sa mata sunan mahaifiyarsa, Ramatu. Kun san al'ada, ba ya kiran sunan, Mma yake ce mata.

Duk wannan dariya muke yi, har da shi. Ranar da na daina dariyar ita ce ranar wasan Sallah da aka yi a titin Nima da la'asar. Jama'a kamar an juye buhun gero. Mumuni yana tsakiyar waƙa sai aka fara yayyafi. Yayyafi fa, irin wanda ko gashin kaza ba zai jiƙa ba. Sai na ga mutumina ya yar da makirfo, ya kama manyan lasifikokin da aka jera, ya haye, ya haye, har ƙoli, ya tsuguna. Titi ya ɗauka: "Sama! Sama! Sama!" Samari suka shiga hawa kan kiyos ɗin 'yan tireda, wasu kan motocin haya na tirotiro, direbobi na ihu. Wani ƙato ya hau rumfar mai tsire, shi da rumfar da tsiren suka sauka tare.

Ni da nake kusa na ɗaga kai. Leɓensa ya yi fari.

Ya ce, "Fuseini, ya kai ina?"

"Me?"

"Ruwan. Ya kai ina?"

Na ce, "Cale, ko ƙura bai kwantar ba."

Bai ji ni ba. Sai da hadari ya watse rana ta leƙo muka samo tsani muka sauko da shi. Washegari 'yan rediyo suka ce ba a taɓa yin wasa irinsa a Ankara ba.

Daga nan abu ya ƙaru. Damina in ta kama, ba ya fita, ba ya waƙa, ba ya ɗaga waya, tagogi a rufe. Ya hana yarinya taka tsakar gida in akwai gajimare ko da girman hula ne. Wata rana Ayishetu ta aiko a kira ni. Ko ruwa ba ta ba ni ba.

"Malam Fuseini, malamar su Ramatu ta kira ni. An yi tsawa, yarinya ta haye kan tebur tana kuka, ta ƙi sauka har aka tashi. Ni na auri mai firij a kan tebur, na gani na yarda. Amma 'yata ba za ta gaji wannan ba. Ko ya nemi magani, ko kafin wata daminar in kwashe ta mu koma Sabon Zongo. Ka san ni."

Na san ta kuwa.

Tsofaffin unguwa suka ce aljanin gota ne. An yi addu'a, an kawo rubutu, ya sha har harshensa ya koma kamar allo. Ya gode wa kowa, ya ɗora kwalbar a kan buhun shinkafa. Da na ambaci likitan ƙwaƙwalwa kuwa, ya yi tsalle.

"Ni? Sama guda? Gobe a ce a rediyo na haukace? Fuseini, hassada kake yi mini tun muna aji uku!"

Na ce, "To, zauna. In ta tafi da Mma, sai ka riƙa hira da kyanwa a kan kabad."

Ya ɗaga kai ya dubi kyanwar. Can ya ce, "Ara mini babbar rigarka."

Haka muka tafi asibiti, shi cikin babbar rigata da rawani da baƙin tabarau, kamar Buzun da ya ɓata hanya. Amma takalmi yana wuya, wannan ya ce ko za a kashe shi. Muna zaune a layi sai wani saurayi, shi ma nasa a wuya, ya ƙare masa kallo ya girgiza kai.

"Baba, da girmanka? Kuma ma ba haka Sama yake ratayawa ba. Kawo in gyara maka."

Ya gyara masa! Mumuni ya ce, "Na gode, ɗana." Ni kuwa na cusa hula a baki don kar a ɗauka ni ne majinyacin.

Likitar mace ce, mai sanyin murya. Ta nuna masa kujera, ya haye kan teburinta ya naɗe ƙafa. Ta janye takardunta. Ya ce ba zai yi magana ba sai ina nan, don ya samu wanda zai ɗora wa laifi. Ta tambaye shi yaushe ya fara hawa bisa.

Ya soma da wasa, yana kwaikwayon muryar tsofaffin gidanmu. Sai muryarsa ta canza. Abin da ya faɗa, Ayishetu ta ba ni izinin in gaya muku, don ni kaina da muka yi rayuwa tare ban taɓa ji ba sai ranar.

Ya ce ranar da ruwa ya shigo ɗakinsu da rana tsaka, Mma Ramatu ta ɗauke shi ta ɗora a kan kabad, ta rataya masa takalman makarantarsa a wuya don kar ruwa ya kwashe, ita ce ta saya da kuɗin koko. Ta ce za ta je ta jawo tukunyarta a waje. Ta nuna shi da yatsa ta ce, "Kar ka sauko sai na ce ka sauko."

Ya dubi likita ya ce, "Har yau ba ta ce ba."



Ya daɗe yana zuwa wurinta. Ta ba shi magani, ta kuma ba shi aikin gida kamar ɗan firamare. Wata safiya ya kira ni a waya yana haki.

"Cale, na ajiye takalmi a ƙasa."

"Alhamdu lillahi! Duka biyun?"

"Ɗaya."

"Ɗayan fa?"

"Kai likita ne? Kashe mini waya!"

Shi ya kira, amma ni na kashe.

Damina ta zagayo, akwatunan Ayishetu a ɗaure suke, ba ta kwance ba, ba ta kuma tafi ba. Wata ranar Lahadi ina gidan aka kece da ruwa. Sai ta kama hannun yarinya ta sauka da ita tsakar gida. Ramatu ta fara da ihu, ta ƙanƙame uwar. Can ta miƙa tafin hannu. Can ta buɗe baki tana tarar ruwa. Kafin ka ce me, tana tsalle a cikin taɓo. Mumuni yana can baranda ta sama, ya riƙe ƙarfe, yana kururuwa da harsuna huɗu a dawo masa da 'yarsa.

Yarinya ta ɗaga kai, ruwa na zuba a fuskarta, ta ce, "Baba, sauko!"

Kururuwar ta tsaya cak. Ya juyo ya dube ni.

"Ka ji?"

"Na ji."

"Mma ce ta ce in sauko."

Ya kama hannuna. Jama'a, hannun nan har yau bai koma daidai ba, in ana sanyi yana tuna mini. Muka sauko a hankali, yana karanto duk surar da ya sani, har da waɗanda ya haɗa biyu wuri guda. Ya taka tsakar gida. Ruwan ko idon sawunsa bai rufe ba. Ya tsaya yana kallon ƙafafunsa, yarinya na zagaye shi, Ayishetu ta juya baya wai wani abu ya faɗa mata a ido.

Ya ce, "Fuseini."

"Na'am."

"Sanyi gare shi, ɗan banza."

Mura ta kwantar da shi, kuma duk wanda ya zo dubiya sai ya ce masa ni na jefa shi a ruwa. Ayishetu ta kwance akwatunanta.

Ban ce muku ya warke sarai ba. Har ƙarshe in aka yi tsawa sai ya nemi hannun wani. Amma ya shiga rediyo da bakinsa ya gaya wa samari cewa abin da suka kwaikwaya tsoro ne, ba salo ba, kuma wanda abu ya tsaya wa a zuciya ya je ya faɗa, ba hauka ba ne. Wasu suka ce Sama ya tsufa. Wasu kuma suka zo a ɓoye suna tambayata hanyar asibitin.

Hawan jini ne ya ɗauke shi bara, cikin 'yan kwanaki, muna ta shirin zolayarsa in ya tashi.

Ya Allah, ka san yaron nan ya daɗe yana jira shi kaɗai. Ka gafarta masa, ka yalwata masa makwanci, ka sada shi da Mma Ramatu inda babu abin tsoro. Ka raya masa ƙaramar Mma, ka ba Ayishetu haƙuri. Mu kuma da ya bari da dariya a baki da hawaye a ido, ka kyautata namu ƙarshen. Amin.