Shekarar da na shuka ƙiri-ƙiri a Bronx

'Yata ta fari sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa nake ce mata Uwata. A nan unguwar Bronx, ƙetaren teku, aka haife ta. Tana jin Hausa sarai, amma in ka yi mata magana da Turanci take mayar maka, sai fa in tana neman wani abu a wurina.

Ranar wata Lahadi na dawo daga tuƙin tasi, na tarar da ita a falo tana jirana. Lokacin tana karatun digiri na biyu, tana bincike kan jatan lande, irin wanda ake kiwo a tankuna.

"Baba, sannu da aiki," ta ce. Da jin Hausar nan na san da magana.

Ta ce akwai wata cuta da ke fito wa jatan lande da fararen ɗigo-ɗigo a ɓawo, kafin mai kiwo ya farga ta share masa tanki. Ƙwayar bairos ce, ba ta jin maganin da aka saba. Malamarta tana so su gwada ruwan wata ciyawa a cikin abincin jatan landen. Ta miƙo mini wayarta in ga hoton.

Na duba, na sake dubawa, sai dariya ta ƙwace mini har na zauna.

"Uwata, wannan ai ƙiri-ƙiri ce! Duk ƙuruciyata a kanta ta ƙare. Ka nome ta da safe a gonar kakanki, jibi ta fito tana yi maka gwalo."

Ɗanya take buƙata, ga shi sanyi ya shigo, duk ciyawar waje ta bushe. Sai muka sayo iri a kantin kayan lambu, na jera tukwane a tagar falonmu mai kallon titin Grand Concourse. Maiɗakina ta tsaya riƙe da ƙugu.

"Malam, mutane na shuka tumatir, kai ka ƙetaro teku ka zo shuka ciyawa?"

Maƙwabcinmu, wani dattijo ɗan Nijar mai shago a ƙasan bene, ya hau musamman don ya gani da idonsa. Tun daga ranar in na wuce sai ya ɗaga murya: "Sarkin noma, ina amfanin gona?" Ni kuwa ban fasa ba. Kafin in fita aiki sai na ba ta ruwa, in juya tukwanen su samu rana. Abin da na yi shekaru ina tsinewa, ga ni ina lallashinsa ya tsiro.

Da ta yi tsawo muka yanka da almakashi. Uwata ta kai makaranta, suka shanya, suka niƙa, suka tace, suka kwaɓa da abincin.

Wajen bazara ta ce in zo ɗakin bincikensu in gani. Aka ba ni farar riga na ɗora a kan kaftanina. Ɗakin cike da tankunan gilashi, ruwa na ta ɓulɓula. Ban taɓa ganin jatan lande da rai ba sai ranar, ashe kusan garau yake, har kana hango cikinsa. Ta nuna mini tankunan da ba a ba ciyawar ba, cutar ta cinye su, saura 'yan kaɗan a ciki. Na kusa da su kuwa, da dama suna nan suna ta wutsil-wutsil da ƙafafu.

Na ce, "Shi ke nan, mun samu magani!"

"A'a Baba, da saura. Wasu sun mutu a nan ma. Sai an maimaita."

Malamarta ta fito, ta gaishe ni da fara'a, ta tambayi sunan ciyawar a harshenmu. Na faɗa, ta gwada, harshenta ya kasa ɗauko harafin ƙa ɗin. Uwata ce ta tsaya tana gyara mata, tana nuna mata maƙogwaro.

Da muka fito na kashe fitilar tasi, ban ɗauki kowa ba. Ta zauna a gaba, muka biya muka sayi tsire mai zafi, muka ci a cikin mota tana ba ni labarin gwajin da za su yi nan gaba da ganyen darbejiya.