Rijiyar Azumi a Miri

Azumi mai fura ba ta taɓa kiran sunan 'yarta ta fari ba. Bafulatana ce, ta kuma riƙe kunyar ɗan fari yadda ta gada. Ranar da ta kawo mini Zubaida aji ɗaya, cewa ta yi, "Malama, ga yarinyar mutane," ta juya. Tun daga ranar na zama bakin da ke tsakaninsu.

Mijin Azumi, Jalo, shi ne ya haƙa rijiyar gidansu a Miri, bayan sun daina yawon kiwo, ya rasu ya bar mata ita. Da ruwanta take dama fura, shi kuma jikokinta ke sha. Daga baya masu fasa tsofaffin batura suka kafa rumfa a bayan katanga, damina tana wanko ƙasarsu zuwa gindin rijiyar.

Zubaida ta zama mai binciken sinadarai a jami'a. Ta yi ta roƙon a daina shan ruwan saboda gubar dalmar da ke cikin baturan, amma uwar ba ta amsa maganar 'yar fari, balle ta rufe rijiyar Jalo saboda ita. Sai Zubaida ta zo ta ɗauke ni.

Da hantsi muka shiga ɗakin Azumi, aka toshe taga da zannuwa. Zubaida ta fito da wata farar hoda. Ta ce ƙarfe ne aka saƙa da sinadari kamar raga mai ƙananan ƙofofi, tana haske a ƙarƙashin fitila ta musamman, har da irinta ake leƙa ƙwayoyin halitta masu rai. Idan dalma ta shiga ƙofofin, sai hasken ya dushe.

Ta zuba hodar a ruwa mai tsabta, ta kunna fitilar, kwalbar ta yi kore shar.

"Malama," in ji Azumi, "tambaye ta, ba zai ƙona mini ɗaki ba?"

"Inna, ai ina jin ki."

"Da Malama nake."

Zubaida ta ɗiga ruwan rijiya, hasken ya soma raguwa. A ɗan abin da ya saura na ga Azumi ba kwalbar take kallo ba. Fuskar 'yarta ta ƙura wa ido, abin da ban taɓa ganin ta yi a sarari ba.

"Gwaji ne, Inna. Zan kai ruwan babban ɗakin bincike a tabbatar. Amma yaran nan da ke shan ruwan fa?"

"Malama, ce mata ta cire zanena daga taga a hankali, kada ta yaga."

Kafin la'asar Azumi ta sa aka ɗora tsohon kwanon rufi a bakin rijiyar, ta danne shi da dutse da hannunta. Gugan Jalo ta wanke, ta rataye a ɗaki. Yanzu daga burtsatsen masallaci ake kawo mata ruwa. Masu saye suna cewa furar ta sake ɗanɗano, takan ce musu su saba.