Ƙeyar Tsohon Paiko

Karatuna ya ƙare a aji uku na firamare, ranar da malam ya ce in zana akuya na zana shi. To, kyamara ba ta tambayar takarda. Lokacin da farar hula suka dawo mulki, kuɗi ya malalo Abuja kamar ruwan Agusta, ina da ɗan shago a gefen kasuwar Wuse ina ɗaukar fasfo. Wannan na tuwo ne. Abin da raina ke so shi ne in ɗauki mutum bai sani ba, mai rake yana rigima da ƙuda, ɗan tasi yana hamma. Wani darakta a ma'aikata yakan saya ya rataya a falo, yana gaya wa baƙinsa fasaha ce. Ni dai na san gulma ce da na'ura.

Nakan ɗaura kyamarar a kan tumbi, cikin babbar riga, na huda aljihun gaba daidai idonta. In zan danna sai in yi tari don ya rufe ƙarar. Haka nake zuwa Paikon Kore, bayan Gwagwalada, duk ranar kasuwa, saboda matan Gbagyi masu ɗauko doya a kafaɗa, da hasken hantsi a kan ƙwaryarsu.

Wata rana da azahar wata mata ta shigo shago, malamar makaranta ce, idonta a kumbure.

“Oga, kai ne mai tarin nan na Paiko?”

Na ce wane tari?

“Haba Baba. Kowa ya san akwai kyamara a cikinka. Tausayinka muke ji shi ya sa ba mu magana.”

Na haɗiye wannan da ƙyar. Ta ce mahaifinta ya rasu, jibi za a yi jana'iza, 'yan coci suna jiran hoton da za a buga a fosta. Tsohon kuwa tun da yake bai taɓa yarda an ɗauke shi ba. Cewa yake fuskarsa guda ce, ba zai raba ta biyu ba. Jikokinsa na Mararaba ƙanana ne, za su tashi ba su san kamanninsa ba. Shi ne ta zo ko Allah Ya sa ya faɗo cikin tarkona.

Na jawo kwalin hotunan Paiko na zazzage a kan benci. Ba ta jima ba ta ɗora yatsa. Wani dogon tsoho ne da fartanya a kafaɗa, ya ba da baya. Ta jawo wani, ga shi can bayan masu manja, ya ba da baya. Wani kuma yana nesa, ƙarƙashin mangwaro, inda ko tarin jaki ba zai kai ba, nan ma ƙeya. Hotunan nan ni na wanke su da hannuna, ban taɓa lura da shi ba. A ido ma ban tuna na taɓa ganinsa ba, ga shi kuma kusan babu hoton da ba ya ciki.

Na ce mata akwai sauran fim a kyamara, ta jira. Na shiga ɗakin wanki na ja labule, na kunna jar fitila. A takarda ta ƙarshe, tana cikin ruwan magani, tulin doya ya fara fitowa, sai rumfa, sai fartanya. Sai fuska. Yana tsaye tsakiyar hanya, mutane na ratsawa ta gefensa duk sun yi dishi-dishi, shi kaɗai ya fito tar. Ba fuskata yake kallo ba. Aljihuna yake kallo.

Na fito da hoton yana ɗiga, ina washe baki kamar na haifi ɗa namiji. Ta karɓa, ta daɗe tana dubawa.

“Shi ne. Yaushe ka ɗauka?”

“Kasuwar da ta wuce, 'yata.”

“Baba, tun kafin a haƙa sabuwar doya bai taka ƙofar ɗaki ba. Ni nake juya shi a gado.”

Na leƙa hoton. Doyar da ke gefensa sabuwa ce, har da ɗanyar ƙasa a jikinta. Na fara kame-kame, cewa fim yakan daɗe a kyamara, ni kuma ba gwanin riƙe rana ba ne. A waje 'yan tasi na ta kiran masu zuwa shataletalen Bega, amma cikin shagon sai ƙarar ruwan da ke ɗiga daga hoton a siminti.

Ta ajiye shi a kan benci, ta goge yatsunta da bakin zane. Sannan ta ɗauki na farko, mai ƙeya da fartanya.

“Wannan za a buga. Haka muka san shi, yana gaba muna binsa zuwa gona.”

Na ce jikokin fa? Ga fuska Allah Ya kawo.

“Ba ni ya ba wa ba,” in ji ta. “Kai ya kalla.”

Ta sa hoton ƙeyar a jaka ta fita. Na tsaya ni da shi a shago, na rasa ta inda zan bi in wuce bencin.