Farin Ƙyallen Badaru

Badaru ɗan Kawu Saminu tela ne a unguwar Kusugu, amma rabin ransa yana wajen fim ɗin ban tsoro da shi da abokansa ke ɗauka da waya. Mutumin da ƙadangare ke kora daga banɗaki, wai shi ne malamin firgita mutane! Kuma ya iya. Ya ce fatalwa ba a nuna fuskarta. Ƙyaure ya yi ƙara, a yi tsit har mai kallo ya ji numfashinsa, sannan gefen farin ƙyalle ya gifta. Shi ke nan.

Ƙyallen ne ya gagara. Na kasuwa sheƙi yake a hoto kamar rigar ango. Sai Shaiɗan ya tuna masa akwatin kakarsu Nana, inda ta adana likkafaninta, wanda ta wanko da zamzam a Makka. Ya sace shi, ya lulluɓa a wani kango da rana tsaka. Yana giftawa ƙusa ta kama, ƙeee! Abokai suka yi ta murna, wai ƙarar ta fi komai tayar da tsikar jiki.

Ya ninke yagar a ciki, ya mayar.

Ran Juma'a Nana ta kira shi.

"Maigida, sauko mini da akwati, in shanya kayan tafiyata."

Ya sauko da akwatin. Matar da ta goye shi, in ta janye albarkarta ina zai sa kansa? Ta warware ninki na fari. Na biyu. Kazar gidan ma ta daina tono. Yatsanta ya faɗa cikin yagar, ya leƙo ta ɗaya gefen.

"Ɓera ne, Nana."

"Ɓera mai shafa turaren ɗan goma? Kawo wayar."

Ta kalli fim ɗin har ƙarshe, ko gira ba ta ɗaga ba. Ta ninke ƙyallen a hankali, ta ɗora masa a hannu.

"Ban yi fushi ba. Tunda ka gwada ya yi maka daidai, naka ne. Ka ajiye ƙarƙashin matashinka, zan riƙa zuwa dubawa."

"Nana, zuwa yaushe?"

"Da raina, da bayan raina."

Har yau in ƙyauren shagonsa ya yi ƙara, sai Badaru ya ɗinke yatsansa.