Katin Wuya da Ɗinkin Yunifom

Ni na ja shi zuwa taron, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Maƙwabcina ne a layin teloli na Wunti, mutumin kudancin jihar nan, shekara goma muna aron almakashi da dutsen guga. Na ji za a yi taron masu sana'a a wani otal, kuma wata hajiya mai makarantu uku za ta zo neman wanda zai ɗinka mata yunifom. Aikin nan nake so kamar in mutu.

A bakin ƙofa aka rataya wa kowa kati a wuya. Aka ce in ka haɗu da mutum ku goga katinku, nan take layi zai fito tsakanin hotunanku a babban allon bango.

To ni ba a haka aka raine ni ba. Yaya zan tura wa dattijo kati a ƙirji ban tambayi iyali ba? Sai in rusuna, ina gajiya, ina gida, yaya yara. Kafin in kai ga maganar kati, wani ya riga ya janye shi. Maƙwabcina kuwa ko kunya babu. "Sannu Baba, kawo kati," ƙit, ya wuce gaba.

Bayan azahar na ɗaga kai. Hotonsa na tsakiyar allo, layuka sun kewaye shi kamar saƙar gizo. Nawa na can lungu da layi ɗaya tak, shi ma zuwa gare shi. Wallahi kishi ya kama ni, ko shinkafar taron ban iya ci ba.

Hajiyar ba ta zaga ba. Allon ta duba, ta nuna da yatsa, ta ce a kira mata wancan da kowa ya sani. Mutumin da ni na koya masa ɗinkin aljihu!

Bayan kwana biyu ya leƙo shagona da dila biyu ta yadi a kafaɗa.

"Malam, aikin ya fi ƙarfina. Ka riƙe wanduna, ni in yi riguna."

Na so in ce a'a, amma kekena ya yi sati ba ya motsi. Na ɗinka wandunan da duk iyawata, na manna wa kowanne lambar shagonsa da hannuna.