Kunnen Maman Nelson

Duk wanda ya taɓa kai niƙan masara bayan kasuwar Kafanchan ya san Clara, wadda muke kira Maman Nelson. 'Yar Kagoro ce, gajeruwa, kullum girarta fara fat da gari. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana tsaye kan injinta. A Zumuntar Mata ta cocinmu kuma ita ce mai ba da waƙa, ni Joanna nake buga mata tulu. In ta ɗaga murya, mai gyangyaɗi a bencin baya ma sai ya gyara zama.

Ƙwazo ne ya ja mata. Ɗanta ya aiko mata da waya daga Sabon Tasha, har da iyafis, 'yan abubuwan nan da ake cusawa a kunne. Clara ta ce faɗuwa ta zo daidai da zama, za ta riƙa koyon sababbin waƙoƙi tana niƙa. To, injin niƙa ba ya yi wa kowa shiru. Ya yi ƙara, ta ƙara wa wayar murya, har ta ƙure ta. Tun safe har la'asar inji na ihu a waje, waƙa na ihu a ciki.

Ni na fara lura. Muna gwajin waƙar babban taron zumunta, na buga tulu sau uku, tana tsaye tana murmushi, ba ta shiga ba. Da ta shiga kuma, sai ta bi wata hanya daban. Shugabarmu ta ja ni gefe ta ce in haka ya ci gaba, wata 'yar zumunta mai suna Amara za a ba waƙar. Raina ya ɓaci sosai, don na san raba Clara da waƙa raba ta da rabin ranta ne.

Ni ban iya ɓoye-ɓoye ba. Washegari na same ta a wurin inji.

"Maman Nelson, kunnenki ya fara tafiya hutu."

"Wane hutu? Tulunki ne ya tsage. Ni dai wani abu ne yana mini wiii kamar sauro, shi ke nan."

Baba Sylvester na zaune a bencinta kamar kullum. Ibo ne haifaffen Kafanchan, ya yi shekara talatin yana gyaran kan jirgi a reluwe, sai an yi masa ihu yake ji. Na maimaita masa zancen da ƙarfi. Ya daɗe yana kallon Clara.

"Yarinya na, ni jirgi ne ya cinye kunne na. Kai kuma ka ɗauki jirgi da hannunka ka sa a ciki. Yanzu jikoki na suna waƙa a coci, baki kawai nake gani."

Clara ta koma kan injinta. Da yamma ya dawo da abin rufe kunne irin na ma'aikata, mai kama da ƙoƙo biyu. Ya ce an ba su a wurin aiki, suka rataye a ƙusa don kada a ce su ragwaye ne.

Daga baya na raka Clara asibiti, nas ɗin da muka gani ta ce abin da ya tafi ba lalle ya dawo duka ba, sai dai a lallaɓa sauran. Ban da iyafis kusa da inji. A gida ma kada muryar waya ta wuce rabi sosai, kuma bayan awa guda a huta. In mutum na kusa da ke ya yi magana ba ki ji ba, to ya yi yawa.

Yanzu in ka je niƙa za ka gan ta da ƙoƙunanta a ka, masu acaɓa na tsokanarta wai matuƙiyar jirgin sama, ita kuwa ko a jikinta. Waƙoƙinta tana koyonsu a tsakar gida tana tsintar wake. Sauron nan bai tafi gaba ɗaya ba, amma ya rage baki.

Bayan wata biyu ranar taro ta zo. Na so in buga da ƙarfi don in taimake ta, sai na dake na buga yadda na saba. A bugu na uku Clara ta shiga daidai, mata ɗari huɗu suka amsa. Hawaye ne suka zubo mini kan tulu.

Muna fitowa ta kama hannuna.

"Joanna, ai na gaya miki tulun nan ya tsage. Yau na ji shi da kyau."

Na juya shi a rana ina shirin yi mata tsiya. Ga tsaga nan a gindinsa, siririya kamar gashi.